Waɗanda Suka Sha Ruwan Kuge

A shekara ta tara ta sarautar Sarki Nomau ɗan Bagari, ana tsakiyar damina, Birnin Ƙirya ya wayi gari babu ungulu ko ɗaya a mayanka. Kafin hantsi labarin ya kai fada. Malamin fada ya share ƙasa, ya yi zane-zanensa, ya ɗaga kai ya ce ungulayen sun yi gaba ne su jira gawawwakin maƙiyan Sarki. Majalisa ta yi na'am da wannan fassara, don ita ce ba ta bukatar kowa ya tashi daga inda yake zaune.

Dagazau, Sarkin Kuge, yana can sahun baya, inda ake zaunar da masu sarautar da ba a cika neman shawararsu ba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana riƙe da wannan muƙami, aikinsa bai wuce na yini guda a shekara ba, kuma bai taɓa kai kukan haka gaban kowa ba. Amma tun da aka fara raɗe-raɗin Zugalawa sun ɗaura yaƙi, zama ya gagare shi. Ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe ta, ya gyara rawani, ya sake gyara shi, har Sarkin Kasuwa da ke gefensa ya tambaye shi ko cinnaka ne ya shiga wandonsa.

Ana cikin haka manzon bakin iyaka ya shigo, taɓo har gwiwa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Sarkin Zugal ya ƙetare iyaka da mutum dubu uku, ban da masu ɗaukar kaya. Ya ƙone Tudun Gawo, ya kwashe rumbunanta. Gobe kafin rana ta yi tsaka zai iso mashigin Gulbin Maɗaci. Ya kuma ce a gaya wa Sarki kada a wahala da yi masa girki, abin da ya tarar a fada shi zai ci."

Sarki ya juya wajen Madawaki Gagarau, shugaban mayaƙa, tsoho ɗan saba'in wanda haƙoransa suka riga shi yin murabus.

"Madawaki, mutum nawa ne a hannunka?"

"Zaki, kwana uku ana shela a kasuwa. Mutum talatin da huɗu suka zo, shida daga cikinsu sun ɗauka rabon hatsi ake yi. Sauran jama'a suna gona, lokacin maimai ne, sun ce in an gama noma a sake yi musu magana. Akwai dogarai ɗari biyu, amma ka san su, ba su saba dukan wanda zai rama ba."

Sai Galadima Jatau ya yi gyaran murya. Mutum ne dogo mai ƙiba, wanda ya yi shekara ashirin yana ba da shawarar yaƙi bai taɓa ganin inda ake yin sa ba.

"Zaki, ina jin kunya a madadin kakanninmu. Birnin da ke da Kugen Tunau shi ne yau yake ƙirga mutum talatin da huɗu? Me aka ajiye Sarkin Kuge yana yi? A buga kuge gobe da sassafe. Manomi zai yar da fartanya, marini zai fito daga karofi, maƙeri zai bar wuta tana ci, su taru a ƙofar birni ko sun so ko sun ƙi. Haka aka yi a zamanin kakan Sarki, haka za a yi gobe."

Majalisa ta ɗauka, "Gaskiya Galadima! A buga kuge!"

Kugen Tunau ƙarfe ne mai baki biyu, babba da ƙarami, tsawonsa kamu ɗaya, baƙi ƙirin, ba ado ko kaɗan a jikinsa. Maroƙa suna cewa daga sama ya faɗo. Gidan su Dagazau sun san ba haka ba ne. Lokacin da aka kafa birnin, kakansu maƙeri Tunau ya bi gida-gida ya karɓi tsohuwar fartanya ɗai-ɗai, ya haɗa su ya ƙera kugen, ya kashe zafinsa a rijiyar kasuwa. Tun daga ranar, duk wanda ya sha ruwan da aka wanke kugen a ciki, in aka buga babban baki sau uku, ƙafafunsa za su kawo shi inda kugen yake. Ba zai kuma iya yin nisa da shi fiye da harbin kibiya ba, sai an buga masa sallama a ƙaramin baki, bugun da Sarkin Kuge kaɗai ya sani. Ƙarfin ruwan shekara ɗaya yake yi. Shi ya sa duk ranar da ruwan fari ya sauka, Sarkin Kuge yakan zura shi cikin rijiyar kasuwa, gari duka ya sha, har da baƙi da jakuna.

Haka ake yi har shekara goma sha takwas da suka wuce, lokacin da Galadima Jatau ya gano cewa bai dace ruwa mai daraja irin wannan ya riƙa shiga cikin majema da jakuna ba. Da ma an daɗe ana cewa ruwan yana ƙara tsawon rai, wasu dattawa kuma suna raɗa wa juna cewa yana ƙara wani abin ban da rai. Sai aka koma wanke kugen a tasar tagulla cikin fada, masu sarauta suna sha bi da bi, gwargwadon girmansu. An taɓa yin shekara biyu Sarkin Dawaki ba ya gaisawa da Ma'aji, saboda rigimar wanda ya kamata ya riga kai baki. Dagazau ya san abin da ake yi kuskure ne. Amma shekara saba'in ba a buga kugen ba, kuma duk wanda ya sha yakan aiko masa da rago. Bana mutum arba'in da ɗaya suka sha, Sarki ne na farko.

Akwai kuma doka, tsohuwa kamar kugen: Sarkin Kugen da ya buga, rana ta yi tsaka babu mutum dubu a bayansa, a ranar ake sare kansa.

Dagazau ya ja gwiwa ya matso gaba.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Bawanka yana da magana, in an yarda."

"Faɗi."

"Zaki, kugen ba ya kiran kowa sai wanda ya sha ruwansa a cikin shekarar. Haka ubana ya gaya mini, haka ubansa ya gaya masa. Rijiyar kasuwa kuwa rabonta da kuge shekara goma sha takwas."

Sai Galadima ya tuntsire da dariya, sauran suka taya shi kafin su san abin da ake yi wa dariyar.

"Ku ji mini Sarkin Kuge! Dagazau, in ƙishirwa ta kama ka, da me kake sha? Da diddige? Da gwiwar hannu? Baki ke sha, jiki duka ya sami ruwa. Mu ne bakin Ƙirya. Abin da muka sha, talakawa sun sha."

Malamin fada ya gyaɗa kai ya ce lalle wannan magana akwai ilmi a cikinta.

"Ranka ya daɗe Galadima, ni abin da nake tsoro..."

"Mun san abin da kake tsoro, ga hannunka nan a wuyanka. Shekara goma sha takwas kana cin ragunan fada, yau an ce ka ɗaga sanda sau uku, ka fara tuna wasiyyar ubanka?"

Sarki Nomau mutum ne mai bin wanda ya yi magana a ƙarshe, Galadima kuwa ya daɗe da koyon kada ya bar kowa ya yi magana bayansa. Sarki ya ce, "A buga gobe da fitowar rana. Doka tana nan yadda take." Aka tashi.

A zauren fita Madawaki ya riƙo hannun rigar Dagazau.

"Jikan Tunau, tsaya. Abin da ka faɗa a ciki, tsoro ne ko gaskiya?"

"Duka biyu ne, Baba."

"Mu arba'in da ɗaya?"

"Ku arba'in da ɗaya."

"Mutum zai iya hawa doki?"

"Ƙafa kugen ke kira. Ko kana kan doki sai ka sauko."

Tsohon ya tauna dasashi. Ya ce, "To, bari in sa a nemo mini mashina, in ba a mai da shi sandar shanya ba. In kuma kwana da takalmi a ƙafa." Ya wuce kafaɗunsa na girgiza, Dagazau bai gane ko tari yake yi ko dariya ba.

Yinin ranar Dagazau bai zauna ba. Ya nufi ƙofar gabas kamar mai shan iska, ya waiwaya ya ga dogarai biyu da Galadima ya haɗa shi da su, wai don girmamawa. Ya dawo ta kasuwa, ya tsaya bakin rijiya yana leƙe. Ko da ya zura kugen yanzu, ruwan ba ya kamawa sai ranar ruwan fari, ita kuwa ta wuce da wata biyu. Mata suna ta jan guga, wata ta ce masa in ba sha zai yi ba ya matsa. Ya matsa. Ya zaga birnin sau biyu, dogaran suna biye da shi suna tsaki.

Da rana ta fito aka kawo masa kugen a Ƙofar Gulbi. Masu sarauta sun riga sun hau ganuwa, an kafa musu rumfa, an shimfiɗa dardumai, an kawo goro, don su kalli yadda runduna za ta taru. Sarki yana fada, don al'ada ba ya fitowa sai mayaƙa sun hallara. Sarkin Dogarai ya tsaya dab da Dagazau da takobi a kafaɗa. Ban da shi, Madawaki kaɗai ne bai hau ganuwa ba. Yana tsaye a ƙasa da wani mashi mai tsatsa, mutanensa talatin da huɗu suna bayansa.

Dagazau ya ɗaga sanda ya buga. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ƙarar ba ta kai yadda maroƙa suke kwatantawa ba. Kamar murfin tukunya ne ya faɗi a maƙwabta. Mutanen da ke wucewa suka juyo, suka ci gaba da tafiya. Wani manomi da ke fita gona ya gaishe su ya wuce.

Sai aka ji ihu daga saman ganuwa.

"Kai! Kai! Ku riƙe ni!"

Galadima ne. Ya miƙe tsaye, goro a baki, ƙafafunsa suna sauka matakala da shi. Barori biyu suka cafke babbar rigarsa, ya fice daga cikinta ya bar musu. Ma'aji ya biyo shi, sai Sarkin Dawaki, sai malamin fada, sai Sarkin Kasuwa rungume da matashin da yake jingine da shi. Kafin ƙiftawar ido sun sauko duka, sun tsaya a bayan Dagazau suna haki, kowa yana kallon ƙafarsa kamar yau ya fara ganin ta.

Al'ada ta ce in Sarkin Kuge ya buga, sai ya kama hanyar fagen fama, ba tsayawa, sai ƙafarsa ta taɓa wurin. Dagazau ya auna. In ya tsaya a nan, da tsakar rana za a sare shi. In ya tafi, wataƙila Zugalawa su hutar da Sarkin Dogarai. Amma tafiya ta fi tsayuwa sauƙi ga mutumin da ya kwana bai zauna ba. Ya saɓa kugen ya kama hanyar gulbi.

"Tsaya!" in ji Galadima, yana tafe yana tuntuɓe. "Buga sallama! Umarni ne!"

"Ranka ya daɗe, ba a sallama sai an gama yaƙi. Jiya aka ce doka tana nan yadda take."

"Sarkin Dogarai, sare shi!"

Sarkin Dogarai, wanda shi ma ƙafarsa ke jan sa, ya zare takobi. Madawaki ya gitta masa mashi.

"Sare shi mana, ɗana. Sai mu tsaya a kan gawarsa har mu bushe. Ko kai ka iya bugun sallamar?"

Takobi ya koma kube.

Ba su yi nisa ba suka ji hayaniya daga cikin birni. Sarki Nomau ne ya fito ta tsakiyar kasuwa, ba takalmi, ba rawani, rabin kansa a aske, don wanzami na cikin aiki aka buga kugen. Mutanen Ƙirya ba su taɓa ganin ƙeyar Sarki ba, balle tafin ƙafarsa. Shelar kwana uku ba ta fito da su ba, amma wannan ya fito da su. Mata suka baro turmi da taɓarya a hannu, marina suka fito hannu shuɗi, mahauta suka biyo da wuƙaƙensu don ba su sami sukunin ajiyewa ba. Duk gonar da aka wuce, masu noma sai su ɗago, su yi kallo, su saɓa fartanya su bi.

Wata tsohuwa ta ce, "La ila! Ashe Galadima yana da ƙafa!"

Wani mahauci gajere mai suna Ɗankande ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe Ma'aji, a hankali da ƙaya, ba ta san sarauta ba!"

Dagazau yana jin su, bai juya ba. Ya san 'yan kallo ne, kuma doka ba ta ƙirga 'yan kallo.

Da hantsi suka isa mashigi. Gulbi ya kawo, ruwan wurin ƙetarewa ya kai ƙirji, faɗinsa bai fi na mutum biyar a jere ba. A ɗaya gaɓar Zugalawa sun riga sun iso, tutocinsu sun cika ido. Jama'ar Ƙirya suka ja tunga a kan tudu, inda kallo ya fi kyau kuma kibiya ba ta kaiwa. Dagazau ya sa ƙafa cikin ruwa ya tsaya.

Da kibiyoyin farko suka zubo, masu sarauta suka watse. Ma'aji ya ruga har gindin tudu, ƙafarsa ta juyo da shi, ya dawo da irin gudun da ya tafi. Sau uku yana yi, tudu na shewa. Madawaki ya bari sai da suka gaji, sannan ya ce:

"To, 'yan'uwana sarakuna, gudu dai ya ƙi. Ku zo mu gwada ɗayan."

Ya jera su a bakin mashigi, ya sa mutanensa talatin da huɗu a tsakaninsu, aka raba garkuwa da mashi har inda suka kai. Zugalawa suka shigo ruwa biyar-biyar. Tsohon ya soke na farko a maƙogwaro, ya fizge mashin, ya soke na biyu, yana zagin iyayensu da sunayen garuruwansu ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Dawaki da Ma'aji suka sami kansu a bayan garkuwa guda. Sarkin Kasuwa ya faɗi da kibiya a ciki. Dagazau ya tsuguna da kugen a kansa, kibiya biyu suka doki ƙarfen suka karye. Yana nan ya ga Madawaki ya zauna a cikin taɓo, kamar mai hutawa, bai sake tashi ba. Sarki Nomau ya sunkuya ya ɗauki mashin tsohon, ya shiga gurbinsa. Ba a jima ba takobi ya tsaga masa damtse, jini ya wanke rabin rigarsa.

Dariyar tudu ta mutu.

Ɗankande mahauci ya tofar da yawu. Ya ce, "Wannan fa jini ne na gaske. Wai su za su kashe mana sarakunanmu? Mu da muka sha wahalarsu shekara da shekaru ba mu kashe su ba, sai wasu baƙi daga Zugal?"

Ya gangaro da wuƙa. Mahauta suka bi shi, manoma suka bi mahauta, sai tudun duka ya zubo. Zugalawan da ke cikin ruwa har ƙirji ba su da wurin ɗaga takobi, na baya suna turo su, na gaba suna cin fartanya da taɓarya. Da sahun gaba ya juya ya yi karo da na baya, gulbi ya ƙarasa aikin. Kafin inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, tutocin Zugal sun bar gaɓar can, suna nufar hanyar da suka fito.

Cikin arba'in da ɗaya, goma sha ɗaya ba su tashi ba. Sauran suna tsaye kewaye da Dagazau, don ba su da inda za su. Sarki ya dafe damtsensa ya ce, "Sarkin Kuge, sallame mu."

Dagazau ya dubi sama. Rana ta yi tsaka.

"Zaki, akwai batun mutum dubu."

Galadima ya fito daga bayan wata bishiya, ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa. Ya ce, "Zaki, waɗannan ba kuge ya kira su ba, kallo suka zo. Wannan mutum ya ja Sarki a kasuwa ba rawani. Doka ta ce..."

Ɗankande ya matso yana goge wuƙarsa a cinya. "Ranka ya daɗe, ƙirga mu mana. Ko mu matso kusa, ka fi gani?"

Suka matso. Galadima ya dubi fartanyoyin, ya dubi taɓaren.

"Sun fi dubu," in ji shi.

Sarki ya ce, "Kanka naka ne, Dagazau. Na rantse da kabarin ubana, a gaban jama'ar Ƙirya."

Dagazau ya juya musu baya don kada su ga hannunsa, ya buga sallama a ƙaramin baki. Dattawan suka zube a taɓo inda suke. Shi ma ya ji numfashinsa ya sauka har ciki, karon farko cikin kwana uku.

Sarki bai zauna ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa da ƙaya ta yayyaga, sannan ya ɗago ya dubi kugen, ya dubi mai riƙe da shi. A wannan karon bai jira kowa ya yi magana kafin shi ba.

"Ku saurara, mutanen Ƙirya. Wanda ya yi mana wannan aiki ba zai koma unguwar maƙera ba. A gina masa ɗaki a cikin fada, jikin turakata, shi da kugensa. A ba shi tufa irin tawa, abinci irin nawa. Dogarai huɗu su tsaya a ƙofarsa kullum, kada ko ƙuda ya dame shi. Daga yau Sarkin Kuge ba zai ƙara wahalar da ƙafarsa zuwa ko'ina ba. Ku ɗauke shi."

Mata suka rangaɗa guɗa, jama'a suka yi ta sa wa Sarki albarka. Dagazau ya faɗi ya yi godiya, don ba abin da ya rage a yi. Dogarai huɗu suka ɗaga shi a kafaɗa, kugen na kan cinyarsa. Sai da suka kama hanyar birni ya ji irin riƙon da suka yi wa idon sawunsa.